Neman Tsohon Firam ɗin Keke da Hanyoyin Gwada Shi

Firam shi ne ɓangaren keke da sauran kayan duka suke rataye a jikinsa: sirdi daga sama, feda da sarƙa daga ƙasa, fok da kan keke daga gaba, ƙafar baya a tsakanin siraran ƙarafa huɗu. Mutum zai sauya taya, ya sauya birki, ya sauya sirdi har ya manta na fari, amma a bakinsa keken nan dai shi ne wanda ya gada. Ranar da aka sauya firam kuwa, an yi wani keken. Saboda haka a wajen masu faci da dillalai shekarun keke su ne shekarun firam ɗinsa, kuma dalilin ke nan da ake ganin magidanci da hankalinsa yana bin kasuwanni da rana tsaka yana neman ƙarfen da ya girme shi, alhali ga sabo rataye a shago, ko ledarsa ba a ɓare ba.

Wanda ake wannan wahala dominsa shi ne firam ɗin baƙin keken Ingila, mai birkin ƙarfe, mai ƙafa inci 28, kuma a cikin wannan dangi Raleigh ne gaba. Kamfanin ya ɗauki sunan wani titi ne a birnin Nottingham, inda aka fara haɗa kekunan a ɗan ƙaramin shago a shekarun 1880, kafin Frank Bowden ya zuba kuɗinsa ya mai da shi ƙasaitacciyar masana'anta. Tambarinsa kan zalɓe ne a jikin farantin tagulla da ake kafawa a goshin firam. A hankali ya yi ta haɗiye abokan gasarsa: Humber a 1932, Rudge a 1943, Triumph a 1954, sashen kekuna na BSA a 1957. A 1960 shi ma aka haɗiye shi, lokacin da kamfanin Tube Investments, mai Phillips da Hercules, ya saye shi ya damƙa masa ragamar kekunansa duka. Ke nan musun da dattawa suka daɗe suna yi a ƙofar masallaci, wannan ya ce Humber ya fi ƙarko, wancan ya ce sai Raleigh, daga wani lokaci musu ne a kan 'ya'yan gida ɗaya. Duk da haka kowanne ya riƙe alamarsa. Kafaɗar fok ɗin Raleigh bututu ne a kwance, da farar hula ta ƙarfe a kowane gefe. Fok ɗin Humber siraran bututu biyu ne a kowace ƙafa. Rudge tafin hannu ne tambarinsa, Phillips kuma zaki.

A shekarun 1970 Najeriya tana cikin manyan kasuwannin Raleigh a duniya, ita da Iran. Kuɗin Udoji da ya shiga aljihun ma'aikata a tsakiyar shekarun nan, mai yawa a kan keke da babur da rediyo ya ƙare, kuma a lokacin kamfanin yana da masana'antarsa a Kano. A Indiya ma, a da, an daɗe ana ƙera Sen-Raleigh a garin Asansol. Wannan ya sa abin da ake kira na asali bai tsaya a abu guda ba: akwai wanda ya fito daga Nottingham, akwai wanda aka haɗa a Kano, akwai na Indiya, kuma duka halak malak suke ɗauke da sunan. A 1999 aka daina ƙera firam a Nottingham, a 2002 aka daina harhaɗa kekunan a can, a 2012 kamfanin Accell na ƙasar Holan ya saye sunan. Raleigh na yau yana nan, sai dai ba shi ne wanda mai nema yake mafarki ba.

Sabon samfuri iri biyu ne. Na farko shi ne wanda ya kwaikwayi tsohon tun daga ƙira har fenti, har siririn layin zinariya da ke bin jikin bututu: Phoenix daga Shanghai, Flying Pigeon daga Tianjin tun 1950, Hero da Avon daga Ludhiana ta Indiya. Biyu daga cikin waɗannan ma tsuntsu ne a goshinsu, abin da bai rage ruɗani ba ko kaɗan. Yadda ake haɗa su ɗaya ne da na Ingila, a zura bakin bututu cikin soket na ƙarfe, a narka tagulla ta bi tsakani, don haka ganin soket ba ya raba gardama. Abin da ya ɓata wa wannan jinsi suna shi ne masu arahar da suka cika kasuwa daga baya, masu bututu marar kauri da farin ƙarfen da damina ɗaya take kwarewa. Waɗanda suka shigo shekaru talatin ko arba'in da suka wuce kuwa, har yau suna ɗaukar buhun masara ba su ce uffan ba. Na biyu shi ne keken gwanjo mai giya da ake shigowa da shi daga Turai da Japan, wanda sau da yawa firam ɗinsa na alminiyam ne. Nauyin alminiyam kusan sulusin na baƙin ƙarfe ne, ga shi ba ya tsatsa, amma in ya tsage mai waldar bakin titi ba shi da abin yi masa, alhali baƙin ƙarfe kowane ƙauye akwai mai ɗinke shi.

Tsohon yana da aibinsa, kuma dillali ba ya faɗa. Raleigh na Nottingham tiredinsa na kansa yake yankawa, zare 26 a kowane inci, a wuyan fok da kuma gidan da aksul ɗin feda yake juyawa, yayin da yawancin sauran kamfanoni suke yin 24. Gidan nan ma ya fi faɗi, milimita 71 ko 76, maimakon 68 da aka saba. Sakamakon haka shi ne sabon kofin boris zai shiga zagaye ɗaya ko biyu cikin daɗin rai, sannan ya cije. Bakanike mai haƙuri zai tsaya ya nemo tsohon kofi. Marar haƙuri zai ƙara wa sifana bututu ya hau kai, kuma a nan tiredin da ya shekara hamsin lafiya yake cika da imani. Ƙafar ma haka: inci 28 na tsohon keke milimita 635 ne, na keken gwanjo 622, kuma taya ba ta yafe milimita goma sha uku.

Ƙarancinsa ba abin mamaki ba ne. Babur mai araha ya kori keke daga gidaje da yawa tun farkon shekarun 2000, firam ya koma bayan ɗaki, 'yan gwangwan suka bi gida-gida suna saye da kilo, aka kai aka narke aka yi rodi. Wasu an yanka an yi keken guragu da su, wasu na'urar wasa wuƙa. Da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 a 'yan kwanaki, mutane suka tuna da bayan ɗaki, suka tarar 'yan gwangwan sun riga su. Abin da ya rage yana hannun masu amfani da shi, kuma ba sa sayarwa. Wanda ya fito kasuwa, a Wudil ran Juma'a ko Ɗambatta ran Lahadi ko cikin tarin ƙarafan Ƙofar Ruwa, da dalilin fitowarsa.

Hanyoyin gwaji na gaskiya kaɗan ne kuma ba su da ban sha'awa. Ana ɗaura zare a bakin da aksul ɗin baya yake zama, a zagayo da shi ta goshin firam, a dawo ɗaya bakin, sannan a auna tazarar zaren da bututun sirdi hagu da dama. In sun bambanta, firam ya karkace. Ana shafa ƙasan bututun da ya gangaro daga goshi, dab da soket. In yatsa ya ji ɗan tudu ko fenti ya yamutse, keken ya taɓa yin karo da abin da ya fi shi ƙarfi. Ana leƙa gidan aksul da tocila, domin can ruwa yake kwanciya kuma tsatsa daga ciki take ci. Ana bin jiki da mayen ƙarfe, inda ya ƙi kamawa an cike rami ne da fila irin ta masu gyaran jikin mota. Sai lamba. Daga 1974 lambar Raleigh takan fara da harafin masana'anta, N na Nottingham, W na Worksop, sai wani harafin, sai adadi guda da ke nuna shekara. Wurin da ake buga ta ya sha sauyawa, wani sa'in a soket ɗin sirdi, wani sa'in ƙarƙashin gidan aksul, wani sa'in a bakin aksul na baya. Tambarin goshi kuwa, wanda kowa yake fara dubawa, shi ne mafi raunin shaida, domin da ƙananan kusoshi aka kafa shi kuma mai faci yana iya ɗauke shi daga wannan ya kai wancan kafin shayi ya huce.

Akwai kuma hanyoyin gwaji na kasuwa, waɗanda suka fi yawa kuma suka fi magoya baya. Ana ƙwanƙwasa bututu da sifana a saurara. A wannan akwai ɗan ƙamshin gaskiya, tun da tsagaggen bututu ba ya amo, amma amo ba ya faɗin ƙasar da aka narka ƙarfe. Ana ɗaga firam da hannu ɗaya a jinjina, a ce mai nauyi shi ne mai kyau, alhali yashi da tsatsar da suka taru a ciki su ma nauyi ne. Ana sunsunawa. Hanya ta huɗu ita ce lasa, kuma ita ce za a tsaya a kanta, domin an sami wanda ya gwada ta a bainar jama'a kwanan nan, kuma sakamakon yana nan ɗanye.

Mai gwajin malamin labarin ƙasa ne a wata makarantar sakandare, mai mata ɗaya da 'ya'ya, wanda tsadar mai ta sa ya jingine babur. Duk abin da aka zayyana a sama ya san shi, har ya rubuta a ɗan littafi. Ya ƙi sabon firam a shaguna da dama, yana yi wa masu shagon bayanin da ba su nema ba. Neman ya kai shi wata kasuwar ƙauye wadda tazararta da garin surukansa ba ta kai a hau mota ba. A gindin wata darbejiya, wajen mai faci, ya hango baƙin firam a jingine, ba ƙafa, ba sirdi, ba sarƙa, da zalɓe a goshi. Mai facin ba ya nan. Yaron shago ne kawai, ɗan shekara goma sha biyu ko kusa da haka.

"Wannan na sayarwa ne?"

"Oga ya tafi salla."

Ba amsar tambayar ba ke nan, amma mai nema ya ɗauke ta a matsayin e. Ya zaro zare ya gwada, firam a miƙe sak. Ya shafa ƙasan bututu, sumul. Ya fito da makullin gida ya kankare fenti a soket ɗin sirdi, ba lamba. Ya kankare bakin aksul na baya, hagu da dama, ba lamba. Ya kifar da firam ya kankare ƙarƙashin gidan aksul har ƙarfe ya fito fari, ya sami wasu adadi da ba su yi kama da komai a littafinsa ba. Kafin nan mutane sun taru, kamar yadda suke taruwa duk inda mai farin tabarau ya tsuguna a ƙasa. Wani ya ce tsuntsun balbela ce, wani ya ce shamuwa. Malami bai iya jin kuskure ya yi shiru ba, sai ya miƙe ya ba da darasi tun daga Frank Bowden har zare 26, ya rufe da maganar da shaidu suka haddace kalma-kalma:

"Mai wannan bai san abin da Allah ya ba shi ba. Irin tsofaffin ƙauyen nan ne, sai ka ba su zinariya su ɗaure akuya a jikinta."

A nan wani dattijo mai sayar da igiya, wanda yake zaune a kan buhu tun farko, ya yi gyaran murya. An tabbatar daga baya cewa bai taɓa hawa keke ba a rayuwarsa, ko goyo.

"Malam, duk wannan wahala ce. Lasa za ka yi."

Bayaninsa a tsare yake. Ƙarfen Ingila, in ji shi, ta teku ya zo, ya kwana a jirgin ruwa har Ikko, kafin jirgin ƙasa ya kawo shi Kano, don haka gishiri ya shige shi har ɓargo kuma ba ya fita har abada. Na Sin kuwa ɗaci gare shi, da ɗan bauri a ƙarshe. Ya ce a da manyan dillalai ba sa taya keke sai sun lasa, kuma akwai wanda ya sani da harshe kaɗai yake faɗin shekarar da aka ƙera shi, Allah ya jiƙansa. Jama'a suka ce amin. Malamin labarin ƙasa ya fi kowa a wurin sanin cewa kayan Shanghai ma ba ta sama suke zuwa ba, kuma tekun da suke ratsawa ya fi na Ingila tsawo nesa ba kusa ba. Yana da taswirar a bangon ajinsa. Amma lambar ta ƙi karantuwa, rana ta take, iliminsa ya ƙare a gaban mutum kusan talatin, sannan wani matashi daga baya ya ce, ba da ƙarfi ba, "Ɗan boko ne, ba zai iya ba."

Ya miƙa wa yaron shago littafinsa da tabarau. Ya tattare riga ya durƙusa gwiwa biyu. Ya kama firam da hannu bibbiyu, ya zaɓi wurin da ya kankare a ƙarƙashin gidan aksul, bisa hujjar cewa nan ne ƙarfe yake tsirara, wadda hujja ce mai kyau in da aikin kansa yana da kyau. Lasar farko gajeriya ce, ta kan harshe, ba ta ba da komai ba. Mai igiya ya girgiza kai ya ce harshe ba ya son gaggawa, a shimfiɗa shi, a rufe ido. Aka shimfiɗa, aka rufe. Lasa ta biyu ta daɗe har kasuwar ta yi tsit a wannan ɓangaren. Mai nema ya ɗago, fuskarsa cike da mamaki na gaskiya, ya ce da murya mai ƙarfi, "Wallahi akwai gishiri." Aka yi kabbara. Da ya tsaya nan, da labarin bai wuce gindin darbejiya ba. Amma mai ilimi ba ya yanke hukunci da gwaji ɗaya, saboda haka ya koma karo na uku domin tabbatarwa.

Yana cikin ta ukun ne aka yi sallama daga bayansa.

Tsakanin sallamar da amsa ta bai fi daƙiƙa huɗu ba, amma abubuwa da yawa sun faru a ciki, kuma sai an bi su ɗaya bayan ɗaya. Da farko idonsa ne ya buɗe, harshe bai koma ba tukuna. Abin da idon ya fara gani ta tsakanin bututun firam takalma ne guda biyu, fatar Kano, ruwan ƙasa, masu ɗinkin fari. Ya san su, domin shi ya saye su da kuɗinsa ya aika da su da ƙaramar salla. Daga takalma ido ya hau wando, daga wando ya hau farar riga, daga riga ya isa carbi, ya tsaya nan, domin ya san abin da ke sama da carbin. A daidai nan yaron shago, wanda tun da aka fara bai ga dalilin yin wannan bayani ba, ya buɗe baki ya ce, "Yawwa, ga mai keken ya dawo."

Daga inda dattijo mai keken yake tsaye, abin da ya bayyana shi ne wannan: mutumin da ya ba 'yarsa, bayan ya hana ta wani ɗan kasuwa mai shago biyu saboda shi wannan mai ilimi ne, yana durƙushe a cikin ƙura, ba tabarau, ido a rufe, ya rungume kekensa da ya kawo a sake wa waya, harshensa a shimfiɗe a gindinsa, mutane kewaye suna kabbara. Fentin da ya yi shekaru yana gogewa da tsumma duk Juma'a an kankare shi wuri huɗu. Shaidu sun yi saɓani kan lokacin da ya iso. Wasu sun ce a lasa ta biyu. Mafi rinjaye, har da mai rake da ke kusa da shi, sun ce tun ana darasin Frank Bowden yana nan, kuma da aka zo kan tsofaffin ƙauye ya sauya carbi daga hannun dama zuwa hagu.

Ta fuskar ladabi akwai abu ɗaya da ya yi daidai: an sami suruki a durƙushe, wanda shi ne yanayin da ya dace a gaida uban mata. Sai dai gaisuwar suruki ba a gajarta ta, kuma dattijon bai rage ko ɗaya ba.

"Malam, barka da rana."

"Barka kadai, Baba."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya, Baba."

"Ya aiki? Ya mutan gidan? Ya yaran?"

Duk wannan ana amsawa ne da baki cike da tsatsa da tsohon giris da ɓarɓashin baƙin fenti da kuma gishirin da aka yi wa kabbara. Tofar da yawu a gaban suruki ba ya yiwuwa. Goge baki da hannun riga zai zama amincewa cewa akwai abin gogewa. Juya baya ya fi duka muni. Hanya ɗaya ta rage, kuma a kan "ya yaran" aka bi ta: ya haɗiye. An ji ƙarar haɗiyar. Sannan ya ce, "Lafiya lau suke, Baba, suna gaishe ka."

Kunya hanya biyu take bi, don haka dattijon bai tambayi abin da ya gani ba, kuma ba zai taɓa tambaya ba. Ya juya wajen yaron shago ya ce, a hankali, wa ya kankare masa fenti. Yaron bai yi magana ba, ya dai miƙa wa mai nema tabaransa da littafinsa da makullin gidan da ya bari a ƙasa. Shirun da ya biyo baya mai igiya ne ya kawar da shi, da niyyar taimako.

"Alhaji, albishirinka. Kekenka na Ingila ne tsantsa. Malam ya tabbatar, sau uku."

Dattijon ya ce to, madalla, amma shi dai Phoenix ya saya, sabo a kwali, a Kano, shekarar da aka canza kuɗi, wato 1984. Tsuntsun goshin ya faɗi a hanyar gona, wani mai faci ya kafa masa wannan da ya cire daga mataccen keke, bai ma karɓi ko kwabo ba. Ya kamata a rubuta a nan, don adalci, cewa firam ɗin ya ci duk gwajin gaskiya da aka yi masa, kuma ƙarfen Shanghai mai shekara arba'in da ya miƙe sak haka ya fi yawancin abin da mai nema ya yi ta bi kasuwa-kasuwa. Ba wanda ya kawo wannan magana a lokacin. Abin da jama'a suke son sani daban ne, kuma matashin nan na baya ne ya tambaya.

"To Baba, gishirin fa?"

Dattijon ya dubi firam, ya dubi daidai wurin da yake da danshi har yanzu, ya ɗan yi jim.

"A turken awaki yake kwana. A nan ƙasan nake ɗaure bunsurun."

Ba a yi dariya nan take ba, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Wani malami da ke cikin taron, mai rawani da buta a hannu, ya matso ya dafa kafaɗar mai nema, wanda har yanzu yake durƙushe domin ba a sallame shi ba, ya ce ya kwantar da hankalinsa, a mazhabar Malikiyya fitsarin dabbar da ake cin namanta mai tsarki ne, alwalarsa tana nan daram. Sharaɗi ɗaya ne kawai, kada dabbar ta kasance mai cin ƙazanta. Sai ya juya ga dattijon da ladabi ya tambaya ko bunsurun a ɗaure yake wuni ko yana fita bola. Dattijon ya ce da rani yana fita. Malamin ya ce to, a nan akwai magana, ya ajiye butarsa ya gyara tsayuwa.

Mai igiya bai yarda hanyarsa ce ta gaza ba. A ganinsa an yi kuskure uku: an lasa bayan an ci abinci, alhali da sassafe ake yi kafin a sa komai a baki, an lasa ƙasa, alhali manyan dillalai sandar sama suke lasa, kuma ba a fara tambayar irin dabbar da ke gidan ba, domin na bunsuru yana da kaifi, yana rufe ɗacin ƙarfen Sin, amma da tunkiya ce ko yaro zai gane. Ya ce in Malam yana da lokaci mako mai zuwa, akwai wani Humber a garinsu da mai shi ba ya kiwo.